Kabad Goma Sha Biyu a Lungun Falo

Da magariba abin ya fara. Uwar gida na naɗe darduma, sai ga dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo shi. Ta leƙa waje, layi shiru. Da ta dawo, ta iske Auta, 'yarta, tsaye a falo tana fuskantar lungun da babu komai a cikinsa, tana nishi kamar mai ɗauke da buhu.

Auta ce da abokan karatunta biyu suka kafa kamfani shekara huɗu da suka wuce, a wani ɗaki saman shagon tela. Manhajarsu ta farko, ka ɗaga waya ka ga riga a jikinka tun ba a yanka yadi ba. Ta biyu ta kayan ɗaki ce: ka nuna wa kyamara fili, sai kujera ko gado ya bayyana a wurin, a fuskar waya kawai. A wannan lungu na falo Auta ke gwada aikinta kullum.

Kwana uku ba ta ci, ba ta taɓa kwamfuta. Kullum da rana ta yi ja sai bayanta ya tanƙware, muryarta ta koma ta tsohuwa. A na huɗu uwar ta sa aka kira malami mai ruƙiya.

Malam ya zauna, ya yi ta karatu a hankali. Can Auta ta ɗago.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake."

"Wace ce ke?"

"Mai lungun nan. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake zaune. Ko kofi ban taɓa fasa musu ba. Sai yarinyar nan ta zo ta jibga mini kabad a ka. Goma sha biyu! Ba sallama, ba bismillah."

Malam ya dubi lungun. "Ni ban ga kabad ba."

"Ni ɗin ka gan ni? Duniyar gani ba ta ishe ku ba, sai kun cusa tarkacenku cikin tamu?"

"To me kike so?"

"A fasa wayar. Ta bar aikin nan har abada. In ba haka ba, nauyin da ta ɗora mini ita za ta ɗauka har ta tsufa."

Malam ya buɗe baki, uwar ta riga shi, ita da ko daga bakin ƙofa ba a jin muryarta.

"Baiwar Allah, an shiga haƙƙinki, kuma za a kwashe. Amma aikin 'yata ba ke kika ba ta ba, ba ke za ki karɓe ba. Wanda ya halicce ki Shi ya ba ta."

"Ba kya tsorona?"

"Ina ji mana. Matsa in wuce."

Uwar ta kama yatsan Auta ta buɗe wayar da shi. Ta bi rubutun harafi-harafi har ta gano inda ake gogewa. Da ta ɗaga wayar, ga su nan, kabad cikin kabad, har sun taɓo rufi. Ta yi bismillah, ta goge ɗaya. Bayan Auta ya ɗan miƙe. Ta sake bismillah, ta goge wani. Falo shiru, sai karatun Malam.

A na ƙarshe muryar ta yi ƙasa. "To a bar mini lunguna."

"Lungu naki, yarinya tamu," in ji Malam. "Yi alkawari ki fita."

Ta yi. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido.

"Mama, wa ya taɓa mini waya?"

"Ni. Gobe ki koma wurin aikinku, can za ki riƙa gwajinki. Kuma ki sa wa abin nan naki inda mutum zai danna sau ɗaya ya kwashe kayansa duka. Hannuna ya gaji."