Wayar Mai Jan Zare

Ku matso kusa. Kai Nura, kife wayar nan, haskenta na shiga idona. Wanda ya san zai yi dariya ya tashi tun yanzu.

A Funtuwa akwai wata mata, Murjanatu, ita ke kula da intanet ɗin wani kamfanin sayar da iri. Ginin tsohon wurin gurzar auduga ne, aka gyara shi, aka ƙara masa ɗakuna ta baya. A ƙarshen wani dogon lungu akwai ɗan ɗaki marar taga, nan kayan aikinta suke. Akwai suwic, wato akwatin nan mai ramuka a jere, wanda wayar kowace kwamfuta ke shiga ɗaya, kowane rami da 'yar fitilarsa. A samansa kuma rauta, mai nuna wa saƙo hanyar da zai bi ya fita duniya.

Murja ta san aikinta, ba ta kuma son ƙazanta. Wanda ta gada, Injiniya Sabo, ya bar mata wayoyi a cukurkuɗe kamar taliya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta san inda kowace ta nufa. Ɗaya ce ta gagare ta. Tana cikin ramin ƙarshe na suwic, an ɗaura mata jan zare, ta bi ƙasa ta shige wata ɓula a bangon baya. Bayan bangon nan babu ofis, babu kwamfuta, sai fili da tsohuwar rijiya. Amma fitilar ramin tana ƙiftawa, alamar wani abu na wucewa. Ta duba cikin na'ura ko za ta ga adireshin abin da ke ɗaya bakin wayar, wurin ya fito fayau. Da ta kira Sabo, cewa kawai ya yi ta bar wannan yadda ta same ta, ya kashe waya. Ta yi tsaki. A wurinta ramin da ba a san mai shi ba ƙofar ɓarawo ce, kuma ƙa'idar aiki ita ce a rufe shi.

Irin wannan gyara ba a yin sa mutane na aiki. Shi ya sa ta zaɓi Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci, har da maigadi. Rana tsaka, gini ya yi tsit. Ita kaɗai.

Ta shiga ɗakin ba sallama, don wa za ta yi wa? Ta tsinke jan zaren ta yar. Ta jona laftof ɗinta a wani ramin da ba kowa, ta rubuta umarni guda: duk ramin da ba na ma'aikaci ba, a rufe shi. Ta danna.

Fitilar ƙarshe ta mutu. A daidai nan wayarta ta yi ƙara.

Inna ce, mahaifiyarta. Ta ce yaran layi duk sun dawo daga makaranta, ban da Walida. Walida ita ce 'yar Murja tilo, 'yar aji biyu, kuma makarantar ana hango ta daga ƙofar gida. Inna ta ce yara sun ga ta shiga lungun gidan, an bi lungun, babu ita. Murja ta buɗe baki za ta yi magana, layin ya ɗauke.

Sai ta ji sanyi a bayan wuyanta. Ba irin na na'urar sanyaya ɗaki ba, mai danshi ne, da warin ruwan da ya daɗe a rufe.

Wata tsohuwa ce tsaye a gefen akwatin na'urorin. Ƙofa a rufe take, ba ta kuma yi ƙara ba. Zaninta baƙi, gefensa yana ɗigar ruwa. Murja ta gaishe ta, ta ce Iya ko ɓatan hanya ta yi, ofishin sayar da iri yana gaba.

Bakin tsohuwar ya motsa. Babu sauti. Sai da leɓenta ya tsaya cak, sannan maganar ta iso.

“Kin rufe mana hanya.”

Murja ta sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Da ma ba ta yi ba. Diddigen tsohuwar ne a gaba, yatsun suna kallon bango.

Leɓen ya sake motsi, maganar ta biyo baya. Ta ce tun ba a fara shuka auduga a garin nan ba suke bi ta wurin. Aka zo aka yi gini a kai. Ɓular nan kaɗai aka bar musu, da wayar da ke cikinta, kuma ba su taɓa ɗaukar ko allura ba.

“Jikata ta fita tun safe. Tana waje, ta rasa ƙofa. 'Yarki ma tana waje.”

Murja ta zabura. Ta ce yanzu za ta buɗe, umarni ɗaya ne. Ta juya kan laftof, ta rubuta. Ba abin da ya fito. Ta sake. Shiru. Sai a lokacin ta lura da fitilar ramin da ta jona nata, ita ma a mace. Ai shi ma ramin ba ya cikin na ma'aikata. Da hannunta ta rufe kanta a waje, kuskuren da take yi wa sababbin shiga dariya a kai.

Akwai wata shuɗiyar waya da ake shiga suwic da ita ta baya in haka ta faru, amma tana ofishinta a sama. Ta ce wa tsohuwar tana zuwa, ta fita da gudu. Ta bi lungun, ta sha kwana inda matakala take. Ƙofar ɗakin na'urori ta gani a gabanta. Ta juya, ta bi ɗaya hannun, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Ta sha kwana. Ga ƙofar, ga takalminta a bakinta.

Daga nesa ta ji lasifikar masallaci, liman ya kusa gama huɗuba. Ta tura ƙofar. Ruwan zanin ya malale rabin ɗakin.

“In suka sallame, ƙafafu za su cika hanya,” in ji muryar. “Yaro in an tattake sawunsa, shi ke nan.”

Murja ta jingina da bango tana kuka, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Cikin kukan ne wani abu ya faɗo mata. Ita irin wannan na'ura, duk saitin da ka canza a kanta na wucin gadi ne sai ka ba ta umarnin adanawa. In ba ka adana ba, aka zare wuta aka mayar, da tsohon saitinta za ta tashi. To amma Murja mace ce mai tsari, yatsunta kan adana ba tare da ta sani ba. Yau ta adana, ko kiran Inna ya riga ta? Ta kasa tunawa.

Filogin wutar yana bayan akwatin, daidai inda tsohuwar take tsaye.

“Iya, a gafarta mini, zan miƙa hannu.”

Tsohuwar ba ta gusa ba. Murja ta durƙusa cikin ruwan, ta rufe ido, ta zura hannu ta gefen zanin. Sanyin ya kama ta har kafaɗa. Ta lalubo filogin, ta fizge. Fankar na'ura ta tsaya, ɗakin ya yi shirun da ba ta taɓa ji ba. Ta mayar.

An tayar da salla.

Suwic ba ya tashi da wuri. Fanka ta fara juyawa. Fitilu suka kama ruwan goro gaba ɗaya, suka mutu, suka dawo. Liman ya yi ruku'u. Fitilar farko ta koma kore, sai ta kusa da ita, a hankali, kamar masu jin barci. Murja na durƙushe, ta cije gefen mayafinta. Layin ya yi ta cika har ya zo kan ta ƙarshe, ya tsaya. Liman ya zauna tahiya.

Fitilar ta ƙifta. Kore.

Wani abu ya wuce ta gefen kunnenta, ɗan ƙarami, kamar iskar da yaro ke tayarwa in ya gifta da gudu. Da ta waiga babu kowa, ƙasa a bushe. Sai ga sallamar liman, sai ga ƙarar waya. Inna ce, tana hamdala, wai ga Walida ta shigo da jakarta kamar ba abin da ya faru.

Da Murja ta isa gida ta rungume yarinyar har sai da ta yi ƙara. Ta tambaye ta ina ta tsaya. Walida ta ce lungun ne ya ƙi ƙarewa, ta yi ta tafiya. Amma ba ta ji tsoro ba, don ta haɗu da wata yarinya ita ma ta ɓata, suka riƙe hannu.

“Umma, in ta yi magana bakinta ne ke fara motsi. Ta ce in kawo miki wannan, ki mayar inda kika cire.”

Ta miƙo hannu. Jan zare ne ɗaure a wuyan hannun, a jiƙe.

Washegari Murja ta ɗaura shi a kan wayar, kuma tun daga ranar ba ta shiga ɗakin sai da sallama. Kai Nura, da kake koyon wannan aiki, ka ji da kyau. Kada ka shiga ɗakin na'ura kai kaɗai rana tsaka. In kuma ka ga waya da zare a jiki, ba ka san inda ta nufa ba, ka ɗauke hannunka.