Sara Uku a Jikin Aksul

Shekara ashirin ina kanikanci, kuma duk aksul ɗin baya da na ɗaura, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin mota, sai na yi masa sara uku, don in gane aikina.

Rannan da magariba wani ya shigo gareji da akori-kura, jiƙe sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

"Maigida, bayanta ke kuka," in ji shi. "Tun bara."

Muryarsa kamar daga cikin randa. Na ɗaga motar da jak, na shige ƙasa, na ce ya sa giya. Na kafa sukundireba a aksul, na kara kunne. Maimakon gurnanin ƙarfe, sai ihun mutane ƙasa-ƙasa, da ɓulɓulin ruwa.

Na goge laka da yatsa. Sara uku. Shi ne tsagaggen aksul ɗin da na rasa irinsa bara, na liƙe da walda, na rantse lafiyarsa ƙalau. Bayan nan ne motar nan ta faɗa kogi da mutum tara.

Ƙafafun mutane suka fara saukowa daga motar, ba sa taɓa ƙasa. Suka kewaye ni.

Direban ya leƙo, hannunsa a kan jak ɗin da ke riƙe da motar a kaina.

"Ka ji kukan yanzu?"