Pompon da Ke Tsayawa Kafin Azahar

Ranar da Shatu ta fara ganin Abdurrahamane, yana tsugunne ne gindin tankin ruwan ƙauyensu, can arewa da Issawane, ordinata, wato kwamfuta, bisa cinya, yana murmushi shi kaɗai kamar an yi mashi albishir. Shekarar nan ce da soja suka karɓi mulki a Yamai, damina kuma ta wuce ba ta bar komai cikin rumbu ba. Daga Tasawa aka turo shi ya haɗa sabon pompo mai aiki da hasken rana. Ita kuwa ita aka ɗora kan pompon, ta buɗe da safe ta goge faranta masu kama hasken rana, don ta taɓa lakwal har aji shida, babanta Na Allah kuma shi ne shugaban kwamitin ruwa.

Ta tambaye shi abin da ke ba shi dariya. Sai ya nuna mata wani ɗan abu baƙi mai ƙafafu sha takwas, bai kai ɗan yatsa ba. Ya ce wannan ƙwaron shi ke gaya wa pompo ya tashi ko ya tsaya, yaren da yake mashi magana kuma sunanshi asambilar. Ƙwaron bai san komai ba, sai ka bi shi taku-taku: ɗauki wannan, aje can, ƙara ɗaya, duba, koma baya. In ka tsallake abu guda ba zai tuna maka ba. Amma ranar da ya bi maganarka daga farko har ƙarshe, ji kake duniya duk ta zauna daidai.

"To in ya yi, wa kake ba labari?"

Ya ce, "Ba kowa. Ke ce ta farko da ta tambaya."

Wallahi nan zuciyar Shatu ta motsa. Ita ma ai ba ta da kowa, ƙawayenta duk sun bi iyayensu kudu tun bayan girbi. Yini take bakin pompo, daga ita sai shanu.

Bayan ya koma, kullum da yamma sai ta hau tudun yashi inda waya ke samun rezo, wato sabis, ta ɗaga ta sama su yi musayar saƙo.

"Shatuna, kwana uku ina neman kuskure guda, yau bayan la'asar na kama shi. Na waiwaya in faɗa wa wani, ɗakin ba kowa. Sai na tuna akwai ki."

"Barka Abduna. Ban gane aikin ba amma na ji daɗin. Ka dai ci abinci?"

Da ya aiko kawunshi neman izinin aurenta, Na Allah bai ce i ba, bai ce a'a ba. Cikin gida ne ya faɗa wa ɗiyarshi cewa shi bai san yadda ake ba da ɗiya ga mutumin da ba gona ba dabba, sai hira da ƙwaro ba. Ga Namadi makanike, wanda kowa ya san aikin hannunshi, shi ma ya daɗe yana zuwa gaisuwa.

Sai bazara ta shigo. Rijiyoyi suka ƙafe, garke ya riƙa zuwa daga ko'ina, tanki bai ƙara cika ba. Nan pompo ya fara halinshi. Kafin azahar, rana tsaka, shanu jere, sai ya yi tsit, ba zai sake tashi ba sai gobe. Abdurrahamane ya zo sau biyu, ya auna faranta, ya canja waya, ya koma. Ba abin da ya sake. Namadi na zaune bisa moto, wato babur ɗinshi, yana cewa shi tun farko ya faɗa, a cire ƙwaron ɗan lakwal a sa inji mai shan man gazuwal.

Shanun Na Allah biyu suka mutu cikin sati guda. Ya ce bayan Juma'a zai kwashe gida da sauran dabbobi su yi kudu, kuma kar ya ƙara jin sunan yaron nan.

Shatu ta hau tudu ta rubuta wa Abdurrahamane. Shiru. Kashegari ma shiru. Kwana huɗu tana hawa tana sauka, ba ko gaisuwa. Ta ce shi ke nan, ɗan birni ya ga abu ya ɓaci ya janye jiki. Ta yi kukanta can sama inda ba mai gani.

Ran Laraba ta makara, don wata saniyarsu ta kwanta ta kasa tashi, sai da aka taru aka ɗaga ta da itace. Maimakon bakwai, sai takwas ta buɗe pompo. Sha ɗaya da kwata ta yi, lokacin da ya saba tsayawa, ruwa na zuba. Bai tsaya ba sai sha biyu da kwata. Ta dubi agogon wayarta, ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Ko fushin da take yi bai hana ta gudu zuwa tudu ba.

"Malam Abdurrahamane, ba don kaina na rubuto ba. Pomponka ba zafi ke kashe shi ba. Ko yaushe na buɗe, awa huɗu da minti sha biyar yake yi. Jibi za mu tafi."

Ba ta kai ga sauka ba waya ta yi ƙara.

"Minti ɗari biyu da hamsin da biyar ke nan. Shatuna, kin gano shi. Kunya ce ta hana ni magana, kwana huɗu ina bin umarnin da na rubuta wa ƙwaron layi-layi ban gani ba. Ki yafe mini. Gobe da sassafe ina nan."

Ya iso bisa kabu-kabu, jiki duk yashi. Bai nufi tanki ba, wajen Na Allah ya fara zuwa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban dattawa da makiyaya. Ya ce ƙwaron na ƙirga mintocin aiki ne cikin wani ɗan aljihu da ba ya ɗaukar abin da ya wuce ɗari biyu da hamsin da biyar. In ya cika sai ya koma sifiri, sifiri kuma a wajenshi aikin yini ya ƙare ke nan. Lokacin sanyi tanki na cika cikin awa uku, shi ya sa abin bai fito ba.

"Baba, ba faranta ba ne, ba rijiya ba ce. Ni na rubuta, ni na yi kuskure. Shanunka biyu suna wuyana. Kuma ba ni na gano ba, Shatu ce."

Abdurrahamane ya buɗe ordinata, ya ƙara wa ƙwaron aljihu na biyu, layi shida kacal. Ƙarfe bakwai da rabi Shatu ta buɗe pompo.

Aka zauna. Namadi ya ce a dai bar shanu su sha da wuri kafin malamin ƙwaro ya gaji. Shatu na can nesa, wayarta a hannu, tana duba agogo. Sha biyu saura kwata ta yi, ruwa na zuba. Aka kira azahar, aka yi alwala da shi. Aka yi la'asar, yana nan yana zuba, har garken ƙarshe ya sha ya juya.

Sai Na Allah ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Yaro, duk bayanin nan naka ko kalma guda ban gane ba. Abin da na gane, ka durƙusa gaban mutane ka ce ni ne. Ka gaya wa kawunka ya dawo."

Ba su tafi kudu ba. Allah ya kawo damina mai kyau, bayan an yanke gero aka ɗaura aure nan ƙofar gidan Na Allah. Ƙawayenta da suka dawo su suka raka ta Tasawa cikin mota buɗaɗɗiya, suna guɗa tun daga Issawane. Kafin su tashi, Na Allah da kanshi ya riƙe hannunta ya sa cikin na gwaggon ango, ya juya da sauri don kar a ga idonshi.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa kowa ya samu wanda zai ba labarin yininshi. Amin.