Bututun da Illiyasu Ya Toshe

Ana gab da kiran magariba a unguwar Kpangalam ta birnin Sokodé, Lami na kwashe tuwon masara, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya dira a tsakar gida, ya gangaro har gaban murhu. Jiƙe yake sharkaf da wani baƙin abu mai yauƙi, yana warin fetur da ruɓaɓɓen ƙwai. Tuwon da ba a ci ba ke nan.

Mijinta Illiyasu, wankin tankokin mai ne sana'arsa. Shekara tara yana yi a filin bayan gida, kuma duk dauɗar da ta fito, har da baƙin man inji, a wata matacciyar rijiya yake tuttula ta. Amma fa mutum ne mai ladabi, a ganinsa. Bai taɓa zuba ko bokiti ɗaya ba sai ya ce, "Bismillahi, mutanen ɓoye, ku kauce da 'ya'yanku," yadda tsofaffi ke yi kafin su watsar da ruwan zafi. Da ya faɗi haka, shi ke nan, wai ya fita haƙƙin kowa.

Da ruwan rijiyoyin unguwa ya fara maiƙo a sama, hukuma ta turo wani injiniya mai suna Bukari da motar haƙa. Suka huda ƙasa jikin katangar Illiyasu, suka zura siririn bututu, suka kewaye shi da tsakuwa, suka sa murfi da kwaɗo. Bukari ya ce wannan rijiya ba ta sha ba ce, zai dawo bayan sati biyu ya ɗebi ruwanta a kwalba a auna, a gano inda man ke fitowa. Illiyasu har kujera ya ba shi, yana ta washe baki. Motar na juya baya ya fasa kwaɗon, ya ɗura kwaɓaɓɓen siminti a bututun. A yammacin ranar aka fara jifan.

Kullum rana ta yi ja, sai duwatsu. Unguwa ta yi tsit, ko kaji ba sa ratsa ƙofar gidan. A rana ta huɗu aka tarar da 'yarsu Mu'minatu, mai shekara sha biyar, durƙushe gindin katanga tana kakarin amai, numfashinta na wari irin na garejin mota. Ta ɗago, ta dubi ubanta, ta tofar da yawu. Shi kuwa ya bi gari yana cewa masu haƙa ne suka taso da aljanu. Abin ƙyama, har da ƙwallarsa.

Lami ce ta aika garin Dapaong aka ɗauko Alfa Garuba, tsohon malamin da ya karantar da ita tana yarinya. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna, ya yi ta karatu a hankali. An daɗe ba a jin komai sai muryarsa. Can yarinyar ta miƙe zaune, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, a shaƙe.

"Ya isa, Alfa. Ƙona ni kake yi, ni da na riga na jiƙe da esansi, man fetur ɗin nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ita ba, wancan uban nata. Ku kauce, ku kauce! Shekara tara muna kaucewa. Mun kai har ƙarƙashin masallaci, can ma ya biyo mu. Jikokina duk ƙuraje. Baƙi suka huda mana ƙofar shan iska, ya zo ya liƙe ta."

Illiyasu ya yi caraf. "Alfa, a ce mata zan yanka baƙin rago. Biyu ma."

"A ina zan ci shi? Cikin wannan ƙazantar?" Ta yi wata dariya mai kama da tari. "Ya kira mai kwalba, ya faɗa da bakinsa inda yake zubawa, a buɗe bututun. In ba haka ba, a nan zan zauna. Jikin nan ya fi gidana tsabta."

Alfa ya juyo. "Ka ji, Illiyasu."

Sai gogan ya sunkuyar da kai. 'Yarsa na shure-shure a gabansa, shi yana tunani.

"Alfa," ya ce a ƙarshe, "za su rufe mini wurin aiki fa."

Lami ta matso kusa da shi. Ta zura hannu a aljihunsa, ta zaro wayar, ta nemo lambar Bukari, ta kara masa a kunne. Ta riƙe ta nan har ya gama faɗa, da rijiyar, da simintin, da shekarun.

"To, sai ki fita," in ji Alfa, "kuma ba dawowa."

"Na fita. Amma Lami, ki kai ta likita. Tun tana shekara shida take shan ruwan gidan nan. Abin da zan bari a cikinta ba namu ba ne, na ubanta ne."

Mu'minatu ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta kullum, "Inna, ƙishirwa." Illiyasu ya zabura ya nufi randa da moɗa. Lami ta riga shi, ta sa ƙafa ta ture randar, ta fashe.