Talotalon da Ya Kori Malama Zuwaira

Ruwa ake tafkawa kamar da bakin ƙwarya a safiyar nan, lungunan cikin garin Daura duk sun cika sun tumbatsa, amma ga Zuwaira tafe a cikinsa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu saboda ya tsinke, ta ƙudundune laftof ɗinta a leda ta rungume ƙarƙashin hijabi kamar mai ɓoye jariri. Ko koko ba ta sa a bakinta ba, don tun asuba Gwaggo Laraba ta jibge mata wankin gida, ta ce sai ta gama shi tas kafin ta tafi “wasan hotunanta”. Tana ƙoƙarin tsallake wani kududdufi sai ga mashin a guje, ya watsa mata taɓo tun daga goshi har idon sawu. Ko ba ta ɗaga kai ba ta san ƙarar mashin ɗin: Yaya Misbahu ne, ɗan Gwaggo, wanda gida ɗaya suka fito kuma makaranta ɗaya za su! Ko waiwaye bai yi ba. Ta share fuska, hawaye ya gauraya da ruwan sama, ta ce, “Allah, ga marainiyarka... Kai kaɗai gare ni.”

Tun tana ƙarama iyayenta suka rasu, ƙanwar mahaifinta Gwaggo Laraba ta ɗauke ta, riƙon da ya fi kama da bauta. Duk da haka yarinyar ta daure ta yi karatu, ta koyi gyaran hoto da zane a kwamfuta, har ta ci laftof ɗin nan kyauta a wata gasa. Da haka Alhaji Maiturare, attajirin da ya gina sakandaren ’yan mata mai ɗauke da sunansa, ya ɗauke ta koyarwa. To a nan gizo ke saƙar, domin kafin zuwanta Misbahu ne malamin kwamfuta, kuma shi a allo yake koyar da ita, da alli. Ranar da ya zana wa ɗalibai maus, abin nan da ake jan kibiya da shi, ya yi masa bindi da gashin baki, har wata yarinya ta rubuta a jarrabawa cewa maganin matsalar kwamfuta shi ne a ajiye kyanwa a kusa!

Zuwaira kuwa tana zuwa ta kakkaɓe kwamfutocin da aka lulluɓe da tsofaffin labulaye, ta zaunar da yara a gabansu. Ta nuna musu yadda ake yanke mutum daga bayan hotonsa ba tare da an gutsure masa kunne ba, yadda ake daidaita haske da inuwa, da launin da ke zaman lafiya da ɗan’uwansa da wanda in sun haɗu sai ido ya yi ruwa. Kafin zango ya ƙare ’yan aji biyar sun fara zana wa iyayensu mata tambarin sana’a, mai ƙuli-ƙuli da mai turaren wuta, wata ’yar Sandamu ma har katin sunan ƙanenta ta yi. Kullum sai ta ja musu kunne: “Hoton mutum amana ne. Wadda ta taɓa fuskar wani ba da izininsa ba, ni da ita ne!” Yara suka ɗauki son duniya suka ɗora mata. Misbahu kuwa aka mai da shi koyar da noma, shi da bai san bambancin gero da ciyawa ba sai sun fitar da kai. Ya ƙullace ta a rai, Gwaggo ta taya shi.

Ana nan sai Alhaji ya ce yana son kalandar makaranta mai ɗauke da hotonsa a tsakiya. Ya sha babbar riga mai aska takwas, ya kafa hula, ya hura ƙirji, Zuwaira ta ɗauke shi, ta tafi da hoton gida don ta gyara. Ai kuwa ba a yi mako ba garin Daura ya ɗauka! Wani hoto ya shiga wayoyin mutane: kan Alhaji ne, da hularsa da murmushinsa, an ɗora a wuyan wani ƙaton talotalo da ya baje wutsiya. Daga waya zuwa waya har Dutsi da Babban Mutum. In motar Alhaji ta ratsa unguwa sai yara su bi ta suna “gulu-gulu-gulu!” Wani abokin cinikinsa ma ya kira shi ya tambaye shi nawa ne kilo.

Aka kira Zuwaira ofis. Alhaji yana huci a gaban malamai, Misbahu na gefe yana jan carbi yana girgiza kai. “Wa ke da hoton nan in ba ke ba?” in ji Alhaji, ya dangwara mata wayar. Ta durƙusa ta ce, “Wallahi tallahi, Alhaji, ba ni ba ce! A kawo Alƙur’ani in dafa...” Sai idonta ya sauka kan hoton, malantar ta motsa ba ta sani ba. “Dubi wuyan fa, Alhaji, an yanke shi kamar da wuƙar yankan kubewa. Hasken fuskarka daga dama, na talotalon daga hagu. Wallahi da ni na yi, da ba wanda zai ce ba a haka aka haife ka ba!”

Inna lillahi! Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Malamin lissafi ya toshe baki da hula ya fice da gudu. Alhaji ya miƙe tsaye ya ce: “Au! Wato ma ba ki ƙware mini ba kenan, saura na gaba? Fice mini daga makaranta!” Misbahu ya goge idon da babu ko ɗigon hawaye ya ce, “Ka yi haƙuri, Alhaji, mu ma a gida mun yi iya bakin ƙoƙarinmu a kanta.”

Ta fito tana kuka, ɗalibanta suka biyo ta har bakin ƙofa suna kuka, Khairat shugabar aji ta riƙe mata hijabi tana cewa, “Malama, ba ki gama koya mana rubutu mai lanƙwasa ba!” A gida kuma ta tarar labari ya riga ta. Gwaggo na tsakar gida ta ɗaura gyale a ƙugu. “Sannu, mai mai da mutane tsuntsaye! Jiya Alhaji, gobe ni za ki mai da ungulu ko? Kawo akwatin aljanun nan!” Ta fizge laftof ɗin ta tura ƙarƙashin gado, ta ɗora masa ƙwaryar daddawa don kada abin da ke ciki ya fito. Mai unguwa ya aiko aka yi mata faɗa a gaban dattawa. Matan maƙwabta suka daina bari a ɗauke su hoto in tana wurin biki, wata tsohuwa ma in sun haɗu a hanya sai ta rufe fuska tana neman tsari, wai kada a kwafe ta. Zuwaira ta rame, ta yi zuru-zuru, ba ta da abin yi sai sallah da kuka. “Ya Allah, ban roƙe Ka a wulaƙanta kowa ba... Ka dai wanke ni, ko da bayan raina ne.”

Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ranar bikin yaye ɗalibai ta cika bokiti da zoɓo ta ɗora mata a ka, ta ce ta je ta sayar a ƙofar makarantar, “tunda can kika fi suna.” Haka Malama Zuwaira ta tsaya jikin tagar babban ɗakin taro da bokiti a gabanta, tana jan hijabi tana rufe fuska, tana hango iyaye sun cika maƙil, ga Alhaji a babban tebur tare da manyan baƙi.

Can aka sanar cewa malamin kwamfuta, Malam Misbahu, wanda aka mai da wa ajin, zai nuna ayyukan zanen da ya koya wa ɗalibai. Zuwaira ta ji kamar an soka mata allura a zuciya, don ta san ayyukan waye. Ya fito yana taƙama, ya ce ya kwashe komai a wayarsa, ya sa aka haɗa ta da majigi, hoto ya fito ɓaro-ɓaro a jikin bango. Tambarin ƙuli-ƙuli ya bayyana, aka yi tafi. Ya ji daɗi, ya shafa waya da ƙarfi don ya kawo na gaba, sai yatsa ya zarce da shi wani wuri daban...

Sai ga Misbahu kansa a bango, ya jingina da wata jar mota, fuska fara sol kamar an shafa alli, wuya baƙi ƙirin, hannu ɗaya ya yi tsawon taɓarya! Ɗaki ya kwashe da dariya. Ya ruɗe, ya sake shafawa. Sai ga kan Alhaji a jikin kaza. Dariya ta tsaya cak. Ya sake shafawa, ga Alhaji a jikin zabo. Ya sake, ga Alhaji a jikin agwagwa, yana iyo a kwata da hularsa! Gumi ya karyo wa Misbahu, yana ta dannawa don ya kashe, yatsa na santsi, sai ga talotalo na gwaji mai kai a juye, sai ga wanda duk gari ya sani. Ya danna wani wuri kuma hoton ya kumbura ya cika bango, har ana iya ƙirga gashin hancin Alhaji.

Alhaji ya miƙe a hankali. “Misbahu... har agwagwa ka gwada ni?”

“Alhaji, Shaiɗan ne! Ta fita ɗebo ruwa ne na kwafi hoton a laftof ɗinta, wallahi ajina kawai nake so a maido mini!” Ya manta lasifika na hannunsa, har masu sayar da rake a titi sai da suka ji. Gwaggo Laraba, da ta ci kwalliya ta zo ganin ɗaukakar ɗanta, ta sulale ta bi bayan kujeru, ta bar takalminta a wurin. Sai muryar Khairat ta tsaga ɗakin: “Ga Malamarmu can a taga!” ’Yan mata suka yi waje a guje, suka kewaye ta, suka shigo da ita ana kabbara, wata ta ɗauko bokitin zoɓon ta biyo su da shi.

Alhaji ya sauko daga kan dandamali, idonsa ya kawo ruwa. “’Yata, na zalunce ki, na kore ki a kan laifin da ba naki ba. Ki yafe mini don Allah.” Zuwaira ta durƙusa, kuka ya ci ƙarfinta, da ƙyar ta ce, “Na yafe, Baba... Alhamdu lillahi da Ya nuna mini wannan rana da raina.” Mata suka yi ta sharar hawaye. Nan take Alhaji ya sallami Misbahu, mai unguwa kuma ya yanke cewa sai ya bi masallatan unguwa ɗaya bayan ɗaya ya tsaya bayan sallah ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Aka mai da Zuwaira aikinta, aka ba ta shugabancin sashen kwamfuta da ɗaki a gidan malamai mata. Da yamma Gwaggo ta aiko da laftof, an goge shi tas, tare da saƙon cewa ai dama ita tun farko jikinta ya ba ta yarinyar nan ba za ta aikata ba. Zuwaira ta yi murmushi ta ce a gaishe ta, ta haɗa mata da turmin atamfa.

Da aka dawo daga hutu, tana tsakiyar darasi sai ga Alhaji ya yi sallama, ya ce a sake ɗaukarsa hoton kalanda, wannan karon a gaban ɗalibai. Aka ɗauka, hoto ya fito a kwamfuta, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya rage murya.

“Malama, tunda da izinina ne... ba za a ɗan rage mini tumbin nan ba?”

Zuwaira ta dubi hoton, ta dubi mai hoton, ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

“Baba, na kalanda zan iya. Na cikin rigar kuwa sai dai azumin Litinin da Alhamis.”

Ajin ya ɓarke da dariya, Alhaji ya fi kowa, har da riƙe tebur. Ita ma Zuwaira ta yi ta dariya har hawaye ya zubo mata, irin hawayen da ba ta taɓa sanin akwai shi ba tun rasuwar iyayenta. Allah Ya ba mu haƙurin da za mu ga ƙarshensa da idonmu, amin.