Intabiyun Nazir a Bakura

Ranar kasuwar Mafara ce Nazir ya shiga shagon buga takardu na bakin tasha, riƙe da takardar neman aikinsa da duk ta yamutse. Bushra, mai aikin kwamfutar shagon, ta karanta ta ɗago ido.

"Malam, ai lambar wayarka ba ta cika ba. Ta ina za su kira ka?"

Nazir ya leƙa takardar, ya ga gaskiyarta. Shekara biyu ke nan da ya gama digirin noma, yana zaune a Damaga yana jiran kira.

Ta gyara masa takardar tsaf. Tun daga ranar, duk Talata sai ya samo abin da za a buga masa, har dai soyayya ta ƙullu, maganar ta kai gida.

Mahaifinta, Malam Zubairu, bai ɓoye masa komai ba. "Ba ƙin ka nike ba, yaro. Amma ɗiyata ba ta cin takarda. Ga Sanusi ma'aikacin banki ya aiko. Na ba ka nan da babbar Sallah ka samo aiki."

Ya je intabiyu Gusau, ya je Sakkwato. Bushra ke koya masa yadda zai zauna, yadda zai dubi mutane a ido. Amma da zarar an jefo tambaya, sai Turancin da ya haddace ya watse. Amsar ɗaya ce kullum: "Za mu neme ka."

Wata rana ya hango motar Sanusi a ƙofar shagon. Ya juya, ya yi kwana uku bai ɗaga wayarta ba, sai ga saƙonta:

"Masoyina, takarda ya zo bugawa, ko ruwa ban ba shi ba. Baba na matsa mini, kai ma ka yi shiru. Ina zan sa kaina?"

Ya amsa: "Yi haƙuri, Hasken idona. Ba ni da abin da zan riƙe ki da shi sai addu'a."

Saura kwana tara Sallah, wani kamfanin shinkafa ya kira shi Bakura. A hanya mota ta watsa masa taɓo tun daga kafaɗa har ƙafa. Ya kira Bushra a waya.

"Bushra, komawa zan yi."

"In ka koma, ni ka bari. Shiga haka nan."

Ya shiga, ya gai da masu intabiyun, ya ba da haƙurin kayansa. Shugabansu ya miƙo masa wani ganyen shinkafa da ya yi ja. "Mi ya sami wanga?"

Nazir ya juya ganyen, ya manta da hadda. Ya yi bayani da Hausa, yadda ya sha gani a fadamar mahaifinsa, har da abin da zai gaya wa manomi. Suka dubi juna, suka ce za su neme shi.

Sallah ta zo ta wuce shiru. Bushra ta rame, dangin Sanusi suka sa ranar kawo goro. Ana jibi za su zo, takardar ɗaukar aiki ta iso: malamin gona, albashi kaɗan.

Nazir ya kai wa Malam Zubairu ita, ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya dubi 'yarsa da ke hawaye a bakin ƙofa, sannan ya juyo ga Nazir.

"To, kaɗan mai albarka. Ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Talata Mafara. Da aka zo tafiya da amarya, tsohon ya riƙe hannun Nazir ya daɗe bai saki ba.

"Ga amana nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Nazir, shi ma idonsa ya cika.