Mai Amalanken Shirwadi

"Tushar! Ina motar da ka ce tana kaiwa har ƙofar gidanku?"

Mrunal ce ta tambaya tana sauka daga bas, mahaifinta Sadashiv, wanda ake yi wa laƙabi da Kaka, na biye da ita yana dafe da gwiwa. Daga birnin Pune suka taso don ganin gidan wanda za ta aura.

 Ƙarya Tushar ya shara mata tun suna jami'a. Ƙauyensu Shirwadi mutum ɗari uku ne da 'yan kai, ba su kai adadin da za a yi musu kwalta ba. Bas ɗaya ke tsayawa a mararraba da hantsi, ta dawo ƙarfe huɗu. Sauran kilomita biyar kuwa taɓo ne zalla, motar da ya ɗauko haya ma ta ƙi shigowa.

"Ai... ruwan sama ne, rabin raina..."

Sai ga amalanken shanu, an rataya wa bijiman furanni, an shafa musu jan fenti a ƙaho. Dattijon da ke tuƙi ya sauko yana murmushi, ƙafafunsa duk laka. Mahaifinsa ne, Namdev. Tun asuba yake wanke amalanken nan.

A garinsu ɗa ba ya ganin uba a gaban baƙi bai sunkuya ya taɓa ƙafarsa ba. Tushar ya dubi lakar, ya dubi farin takalmin Kaka, ya ƙame a tsaye.

"Kai, mai amalanke! Ɗauki jakar nan," in ji Kaka.

Dattijo ya ɗan dubi ɗansa. Tushar ya kau da kai. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki jakar.

Suna tafe ana jijjiga, Kaka ya zunguri dattijon da lema. "Ka san Namdev Jadhav? Wane irin mutum ne?"

"Manomi ne kawai, ranka ya daɗe. Amma ɗansa... babu kamarsa a garin nan."

Tushar ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. 

A ƙofar gida mahaifiyarsa ta fito da faranti mai fitila don tarbar baƙi. Tana ganin jakar a kan mijinta ta dafe ƙirji.

"Maigida! Ku da kanku? Ina ɗanku yake da za ku yi dako?"

Lemar Kaka ta faɗi. Ya haɗa tafukansa, ya kira shi da girmamawa. "Namdev-rao... ku yafe mini, ban sani ba!"

Mrunal ta sunkuya ta taɓa ƙafafun dattijon, laka da komai. Sannan ta juyo, idanunta jajur.

"Kilomita biyar, Tushar! Kana zaune!"

"Mrunal, tsoro na ji kada ki raina mu..."

"Mu? Wa ya raina wa? Da ka ce mini a ƙafa ake zuwa, da na cire takalmi na tako. Wanda ya iya kallon ubansa haka, ni wane kallo zai yi mini ran da na tsufa?"

Ko shayi ba ta sha ba. Ƙarfe uku dattijo ya sake ɗaura shanu ya mayar da baƙin, don bas ba ta jiran kowa.

Tushar na durƙushe a bakin hanya har amalanken ya dawo wayam. Ya rarrafa ya kama ƙafafun mahaifinsa yana kuka kamar yaro.

"Baba, ku dake ni! Ku ce wani abu!"

Dattijo ya kwance bakin rawaninsa, ya ciro zoben baikon da Tushar ya ba Mrunal, ya sa masa a tafin hannu ya rufe.

"Na roƙe ta, ɗana. Tun daga nan har mararraba nake roƙonta."